Akwati, Shayi, Ordinata

Ranar Talata da ƙarfe takwas da 'yan mintoci, Zakiyya ta zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, a biro, ofishin ƙungiyarmu, ta danna dosiyen takardun da take dannawa kowace safiya. Dosiyen ya buɗe fayau, babu komai a ciki.

Ina tsakar gida ina ɗauraye kofunan shayi na ji ta ce, "Innalillahi." Ta koma ordinata ta biyu, can ma haka.

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikatan ramin ma'adini ce a nan Arlit. Ni Siddiƙ, ni ne mai gadi da shara, kuma a ɗakin bakin ƙofa nake kwana. Shekara uku Zakiyya, sakatariyarmu, ta yi tana tara hotunan ƙirji da takardun asibiti na mutum ɗari huɗu da sha ɗaya, rayayyu da matattu. Na asalin da yawa ruwan bara ya cinye su da ɗaki ya rushe, sai waɗanda ta sa a na'ura suka rage. Ranar Alhamis kuma likitoci za su iso daga Yamai don su duba waɗannan hotuna. Shekara biyu muna jiransu.

Perezidanmu Alhassane, shugaban ƙungiya, yana wurin, tare da mata biyar da mazansu suka rasu. Zakiyya ta kai hannu za ta kashe ordinatar ta sake kunnawa, ya daka mata tsawa.

"Ɗauke hannunki! So kike ki share sawunki?"

"Perezida, wane sawu?"

"Kada wanda ya taɓa komai. Yadda suke a kunne haka za su zauna."

Kafin azahar labari ya kai kasuwa. Kowa ya tuna cewa yayan Zakiyya yana aiki a biron kamfanin ma'adinin. Wani ya ce ya ga farar mota tsaye bayan katangarmu ranar Litinin. Wata mai tallar kuka ta ce ai dama mayafin yarinyar nan sabo ne.

Alhassane ya ce a kira jandarma. Tata ce ta hana, tsohuwar da mijinta Akoli ya rasu da tari shekara huɗu da suka wuce.

"In jandarma suka zo za su kwashe na'urorin nan su kulle a ɗaki. Alhamis me za mu nuna wa likita, tafin hannunmu? A kira Amastan."

"Amastan raƙuma yake nema, Tata."

"Abin da ya ɓata yake nema."

Alhassane ya ba da wa'adi, zuwa la'asar ɗin Laraba. In ba a ga ɓarawo ba, da kansa zai kai Zakiyya.

Ni ina tsaye da tsintsiya, ban ce komai ba.

* * *

Amastan ya iso da rana tsaka. Dogon Buzu ne, ya fi ni tsufa, rawaninsa ya koɗe har ba a san launinsa na fari ba. Da ƙuruciya sawun raƙuman da aka sace yake bi, daga baya ya riƙa yi wa masu auna ƙasa jagora wajen Imuraren. An ce ya taɓa duban sawun jaki ya faɗi cewa mai shi gurgu ne. Na daɗe ina son in tambaye shi yadda aka yi, don irin abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Bai shiga biro ba. Ya kori kowa zuwa gindin katanga, ya zaga tsakar gida a hankali kamar mai neman allura. A ƙofar mangaza, ɗakin ajiyarmu, ya daɗe a tsugune. Ya ce a ba shi tasa. Na kawo masa wadda nake ɗauraye kofuna, ya kife ta a ƙasa, ya ɗora dutse.

"Me ka rufe?" in ji Alhassane.

"Yashi."

Ya leƙa cikin mangazar, ya karanta takardar da ke manne a bayan ƙofa, ya sunkuya ya ɗauki wani abu ya soke a rawani. Daga nan ya fita bayan katanga. Bai yi minti goma ba ya dawo.

"Farar motarku, mutum ɗaya ya sauka. Taku huɗu ya yi, ya tsuguna, ya yi fitsari, ya koma. In laifi ne, a kama shi."

Matan suka rufe baki da mayafi. Alhassane bai yi dariya ba.

* * *

Na biyun da aka zarga Bashar ne, ɗan kabu-kabu, wanda ya zo ranar Litinin da 'yar kile irin ta ajiye takardu don a buga masa wasiƙa. Alhassane ya ce ta cikinta cuta ta shiga na'ura ta cinye komai.

Bashar ya zo yana huci, bai ma kashe babur ba. "Ni? Wasiƙar neman aikin direba fa na buga! Perezida, kai ma ranar Asabar ka soka taka kile, ko taka alwala take da ita?"

Amastan ya tambaye shi ƙarfe nawa ya tafi.

"Uku da rabi."

"Wa ya ga takardun bayan nan?"

Tata ta ɗaga hannu. "Ni. Wajen ƙarfe biyar yarinyar ta nuna mini ƙirjin Akoli. Duk Litinin nake zuwa in gan shi."

Amastan ya ce wa Bashar ya tafi ya nemi fasinja.

* * *

Zakiyya tana zaune a kan benci ita kaɗai, idanunta sun kumbura. Ni na kai mata ruwa, ta ce, "Na gode, Baba." Baba take ce mini tun ranar da ta fara aiki. Na koma gefe ina share wurin da na riga na share.

Amastan ya zauna nesa da ita kaɗan. Hausarsa ta mutanen Ayar ce, namiji da mace duk ɗaya gare shi.

"'Yata, wannan abin da ya ɓata, ina yake kwana?"

"Ba cikin ordinata yake ba, Baba Amastan. Akwai akwatin ƙarfe a mangaza, a can komai yake. Ismaghil, wanda ya haɗa mana kayan, ya ja waya daga can zuwa nan. In ordinata ta farka, da kanta take miƙa hannu ta wayar ta jawo dosiyen ta rataye shi a wurinsa. Ni dannawa kawai nake yi."

"Ka duba akwatin?"

"Na leƙa ta taga. Fitilarsa kore ce, lafiya lau."

"Ismaghil fa?"

"Yana wajen masu haƙar zinariya, rezon waya ba ya kai can."

Amastan ya gyara rawani. Sannan ya ce, "Hannun nan da yake miƙawa, sau nawa yake miƙawa?"

"Da an kunna."

"In ya miƙa bai sami kowa ba? Yana sake miƙawa?"

Ta ɗago kai. "Ban sani ba. Bai taɓa faruwa ba."

"To, wa yake tashin su da safe?"

"Baba Siddiƙ."

Tsintsiyar ta yi mini nauyi a hannu.

* * *

Dole in faɗi halina. Aji uku na yi a lakkol, makarantar boko, a Madawa, sannan rami ya ci shekarata ashirin da biyu, amma tun ina yaro abin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba shi nake tsayawa kallo. Ina da dutse mai hoton kifi a jikinsa, wanda na tsinta inda babu ko ɗigon ruwa. Ina da kwalba da zafin rana ya lanƙwasa. Bara waccan na sayo wani guntun bututu a wajen masu tsohon ƙarfe, don wani kore mai kyau da ya fito masa, na ajiye a mangaza. Wata rana wani baƙo ya zo da na'urar awon gubar ma'adini, na'urar ta kama kuka a kan bututun, aka kwashe kowa daga biro kwana uku. Ranar Alhassane ya rantse a gaban mutane, in na sake sa ko tsinke a mangazar nan, in kwashe tabarmata. Ba ni da inda zan kai tabarmar.

Ranar Litinin da yamma, bayan kowa ya tashi, kurciya ta faɗo tsakar gida. Fiffikenta ɗaya ya saki, ƙirjinta ƙashi kawai. Da na ɗauke ta sai na ga zobe a ƙafarta, na farin ƙarfe, da lambobi da ƙananan haruffa. Wani mutum a wata ƙasa ya riƙe tsuntsuwar nan a hannunsa kamar yadda na riƙe ta, ya sa mata zobe, ya sake ta, ta ƙetare duk sahara ta zo ta faɗi gaban tsintsiyata. Na zauna ina tunanin mutumin har rana ta faɗi. Ɗakina ba ya rufuwa sosai, kyanwoyi kuma sun yi yawa. Na kashe akwati kamar kullum, na sa ta a kwali a mangaza, na share tsakar gida da baya da baya.

A bayan ƙofar mangaza akwai takardar da Ismaghil ya rubuta mini da manyan baƙaƙe: ɗaya, akwati; biyu, shayi; uku, ordinata. Da yake manna ta ya ce, "Baba, ba ka da agogo amma kana da buta. Kunna akwati, ka dafa na fari, sannan ka kunna sauran." Na ɗauka wasa yake yi da tsoho. Shekara uku ina bi, don dai shayin zan sha ko da takarda ko babu.

Akwatin nan in an kunna shi ƙara yake yi, fankarsa ta yi gurnani. Safiyar Talata na ce a raina, baiwar Allah ta sha tafiya, bari ta ƙara hutawa. Na dafa shayi, na yayyafa wa tsakar gida ruwa, na kunna ordinata biyu, sannan na je mangaza na ɓoye kurciyar cikin riga, na kunna akwati. Kafin Zakiyya ta zo duk fitilu suna ci. Me ya rage?

Da aka ce dosiye ya ɓata, zuciyata ta ce mini, kai ne. Na ce mata ba ta yi lakkol ba, ta yi shiru.

* * *

Da la'asar sakaliya Amastan ya zo ƙofar ɗakina ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Na hura gawayi.

"Abokina, faɗa mini safiyarka."

"Kamar yadda takarda ta ce. Akwati, shayi. In yayyafa ruwa. Sai ordinata."

"Yau ma?"

"Yau ma."

Ya karɓi kofi ya kurɓa. Daga cikin ɗaki, ƙarƙashin gado, kurciyar ta motsa a kwali. Na yi tari don in rufe ƙarar. Tarin tsohon ɗan rami ba ya ba kowa mamaki.

Ya zaro abin da ya soke a rawani, ya ajiye a kan faranti kusa da sukari. Gashin tsuntsu ne, ɗan ƙarami, ja-ja da baƙin ɗigo.

"Wannan ba ɗan garin nan ba ne," in ji shi. "Irinsa wucewa yake yi a wannan wata."

Na ce iska ce ta kawo.

"Iska." Ya shanye shayin. "Gobe da la'asar zan ɗaga tasa. Yashi ba ya jin kunya, abin da ya gani zai faɗa. Amma in baki ya riga shi, ya fi daɗin ji."

Ya tafi. Na sami yini guda cur. Safiyar Laraba na ga Zakiyya ta zo da mahaifiyarta, Mairamu, wadda ke sayar da fura a tasha. Na ji Mairamu tana gaya wa Tata cewa jiya ko ludayi ɗaya ba ta sayar ba, wani ma ya tofa yawu kusa da ƙwaryarta. Na ji da kunnena. Na shiga ɗaki na ba kurciya gero.

* * *

Bayan sallar la'asar tsakar gida ta cika. Tsofaffin 'yan rami a kan benci suna tari bi da bi, mata a tabarma, Bashar a kan babur ɗinsa a bakin ƙofa wai ya zo ganin ƙarshe. Alhassane ya riƙe wayarsa a hannu, lambar jandarma a buɗe.

"To, Amastan, wa'adi ya cika. Wa ya sace?"

"Ba wanda ya sace."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Ya jira har aka gaji.

"Ni na'ura ban sani ba, rijiya na sani. Akwai raƙumin da in ya zo kwami ya tarar ba a zuba ruwa ba, juyawa yake yi. Ko an cika kwamin bayan ya ba da baya, ba ya waiwaye, sai gobe. Mai raƙumi ya ce rijiya ya ƙafe. Rijiya yana nan cike." Ya nuna biro da sanda. "Waɗannan biyun sun farka, sun miƙa hannu, akwati yana barci. Tun jiya suke tsaye da hannu wofi, don Perezida ya ce kada a taɓa su."

"Akwatin a kunne yake!" in ji Alhassane.

"A kunne yake. Yaushe aka kunna, shi ne magana."

Ya dube ni. Kallo ɗaya, ba mai tsawo ba. Na dubi ƙafafuna.

Ya taka zuwa ƙofar mangaza, ya ɗauke dutse, ya ɗaga tasa. Mutane suka matso. Sawu ne guda, na takalmin taya, da tsaga a dunduniya. Duk wanda ke wurin ya san takalmin, yana ƙafata.

"Ku duba bakinsa," in ji Amastan. "A tsaye yake kamar an yanka da wuƙa. Busasshen yashi ba ya riƙe baki haka. An taka wannan bayan an yayyafa ruwa. Da an shiga kafin ruwa, da na ga wani sawun da ɗigo a kansa. Na nema, babu. Sau ɗaya aka shiga ɗakin nan jiya da safe, kuma a makare."

Ba wanda ya yi tari.

Sai a lokacin bakina ya buɗe, lokacin da ba a bukatarsa. Na faɗi komai, kurciya da zobe da kwali. Da na kai wurin da na ce bari ta ƙara hutawa, Bashar ya fashe da dariya har ya kusa faɗowa daga babur. Wasu suka bi shi. Da duka suka yi mini da ya fi sauƙi.

Mairamu ba ta yi dariya ba. "Malam, jiya da ake zagin 'yata kana ina?"

"Ina nan."

"Kana nan."

Zakiyya ta miƙe. Ba ta dube ni ba. "Perezida, yanzu in taɓa?"

Alhassane ya mayar da waya aljihu, ya gyaɗa kai.

Ta shiga, muka cunkushe a taga. Ta kashe ordinatar. Allon ya yi baƙi, na ga fuskokinmu a ciki. Ta kunna. Rubutu ya yi ta gudu, sannan ta danna dosiyen, sunaye suka zubo daga sama har ƙasa. Ta gangara ta buɗe ɗaya. Haƙarƙari ne fari a kan baƙi, da wani gajimare a gefen hagu.

"Akoli," in ji Tata, ta dafa bango.

* * *

Likitocin sun zo Alhamis, sun yi kwana huɗu. Alhassane ya je har tasha ya tsaya gaban ƙwaryar Mairamu ya ba ta haƙuri da ƙarfi don a ji, ya sayi fura. Ni bai kore ni ba. Tata ce ta ce masa wanda ya hana yarinya taɓa maɓalli ba shi da bakin korar kowa.

Na je wurin Zakiyya ranar Juma'a, na tsaya bakin ƙofar biro na cire hula.

"Kuskuren ba komai ba ne," ta ce, idonta a kan allo. "Kowa zai iya. Da a lokacin ka ce mini, Zakiyya, yau na makara da akwati, da minti biyu ya isa. Ka kawo mini ruwa fa. Na ce maka na gode."

Na mayar da hulata na fita.

Da Ismaghil ya dawo ya ji labari, ya zauna gaban kowace ordinata ya buɗe wani baƙin shafi, ya ƙara 'yan kalmomi a layi guda. Ya ce yanzu in ta farka ba ta sami akwati ba, za ta sake miƙa hannu duk lokacin da aka danna dosiyen. Ya ce laifinsa ne da bai yi haka tun farko ba. Ya ɓalle takardar bayan ƙofa zai jefar, na roƙe shi ya ba ni. Tana nan tare da dutsen kifi.

Kurciyar ta yi kwana goma sha biyu, fiffiken ya kama. Kafin in sake ta na kwafi abin da ke jikin zoben a bayan kwalin shayi, harafi harafi, na ajiye a kan taga ban ce wa kowa komai ba. Ta tashi ta yi kudu, ko zagaye ɗaya ba ta yi ba.

Bayan mako uku na tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin butata, da rubutun Zakiyya. Ta nemo. An sa wa tsuntsuwar zobe a wata ƙasa mai suna Hongiri, a watan Yuni, tana 'yar tsako. Ta rubuta nisan tafiyar ma, kilomita dubu uku da wani abu. Na karanta sau biyar. Na ruga biro da takardar a hannu kamar wanda aka yi wa bushara.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka!"

"Amin, Malam Siddiƙ," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Yau wata bakwai ke nan. Kullum da safe tana gaishe ni, ba ta taɓa fashi ba. Malam Siddiƙ, ina kwana. Ni kuma har yanzu akwati nake fara kunnawa, in dafa na fari, sannan ordinata, ko da yake na'urorin sun daina bukata.